Kunya a Kan Lobed

Shekarar da sojoji suka koma bariki, mu ma a yadinmu na manyan motoci da ke Ilupeju a Legas mun samu rabonmu na mulkin farar hula. Wasu sun samu kujera, wasu sun samu kwangila, mu kuma muka samu ciwon baya. Kafin lokacin, katafila takan yi wata da watanni a wuri ɗaya tana haƙar abin da aka kai ta ta haƙa. Da 'yan siyasa suka zo sai ta koma 'yar rakiya. Duk unguwar da ciyaman zai je jawabi, sai an riga shi kai katafila an girke ta a bakin kwata, ta ɗaga bokiti sama, jama'a su gani su tafa. Ta ɗan yagi ƙasa saboda masu ɗaukar hoto. Ciyaman na shiga mota, mu kuma mu ɗora ta a lobed mu nufi unguwa ta gaba. Akwai kwatar da muka yi ta ƙaddamar da haƙarta har na gane kwaɗin cikinta, kuma ina jin har yau tana nan yadda muka same ta.

Lobed, ga wanda bai san ta ba, doguwar tirela ce mai gado ƙasa-ƙasa, wadda aka yi don ɗaukar abin da ba ya iya bin titi da ƙafarsa. A bayanta akwai ƙarafa biyu masu faɗi da ake saukewa su taɓa ƙasa, muna ce musu tsani. Ta kansu katafila take hawa. Faɗin katafilar da faɗin gadon kusan ɗaya ne, abin da yake ragewa a kowane gefe bai fi tafin hannu ba. Kuma da zarar ta kama tsani ta ɗaga hanci, wanda ke ciki ba ya ganin kacar ƙafafunta, ba ya ganin bakin gado. Sararin sama yake gani, sai mutum ɗaya da ke tsaye can gaba a wuyan lobed. Wannan mutumin shi ne idonsa. In ya yafito shi ya zo, in ya dunƙule hannu ya tsaya cak. In su biyun suka daina ganin juna, ko na ƙiftawa ne, doka ita ce a tsaya. Katafilar da ta zame daga tsani ba ta faɗuwa a tsaye, kifewa take yi, kuma ɗakin ofareta ne yake fara isa ƙasa. Ni ne mai tsayawa a wuyan lobed, mai ba da hannu.

Ba wannan ya kawo ni Legas ba. Cirani na zo daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau, da niyyar in yi rani ɗaya in koma in sayi bijimin huɗa. Na yi dakon albasa a Ketu har wuyana ya kusa shigewa cikin kafaɗa, na yi gadi a ƙofar yadin nan, daga nan ofaretan katafilar ya ga ina da tsawo da murya, ya ce a ba shi ni.

"Bazazzagi ne," ya ce wa Oga, mai yadin. "Ba shi da wayo, amma ana hango shi daga nesa."

Shi Bakano ne, dattijo gajere mai furfura a gemu kawai. Ya daɗe a Agege har Yarbawa kan tsaya su saurari Yarbancinsa. Kowa ya san abin da ke tsakanin Kanawa da Zage-zagi, wasa ne da muka gada, ba mai fushi, ba babba ba yaro. To mu mun ɗauki wasan nan mun mai da shi kayan aiki. Da zagi ya koya mini sana'ar. A nemi ƙasa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, kafin a sauke tsani. A danna wa tayoyi waigi. A kankare taɓon kaca tas, don ƙarfe da ƙarfe in laka ta shiga tsakaninsu sabulu ne. A daidaita katafila tun tana ƙasa, don wanda ya juya ta a kan tsani ya gama yawo. In ta hau a kwantar da bokiti, a kulle juyi, a ɗaure kowace kusurwa da sarƙa. Kowane darasi da irin sunan da yake raɗa mini, kuma ni ma ban bar shi haka nan ba.

"Kai Bakano, dama! Dama na ce! Ko a Kano da hagu ake cin tuwo?"

"Rufe mini baki, bawan Kanawa. A garinku ko jaki ka taɓa yi wa lodi?"

Haka muke yi, injin na ruri, muna ihu, ido cikin ido, har katafila ta zauna daram a tsakiyar gado. Direbobin wasu kamfanoni kan tsaya kallonmu. Na kai matsayin da in girarsa ta motsa na san hannunsa zai taɓa wane ƙarfe. In an gama mu zauna a inuwar lobed, kwano ɗaya, wake da burodin Agege, yana ture mini ɓangaren da ya fi mai yana cewa bawa sai da ƙoshi. Ban taɓa samun aboki kamarsa ba, kuma ya haife ni da kyau a shekaru.

Shi da kansa ya jawo abin da ya biyo baya. Wata rana sarƙa ta yaga mini rigar aiki, ya ce in kai wa 'yarsa, tana da shagon ɗinki kusa da layin dogo a Agege. Ita ce 'yarsa ta fari, don haka ko sunanta ba ya faɗa, kwatancen shagon kawai ya yi mini. Na je na tarar da mace wadda ta san kanta. Ta taɓa aure bai yi ba, ta dawo ta kafa kekenta tana cin guminta. Haifaffiyar Agege ce, Hausa da Yarbanci da Turancin kasuwa duk a tukunya ɗaya take dafa su. Daga ranar rigunana suka shiga yagewa ba dalili. Ta yi haƙuri da ni iya haƙuri, sannan wata rana ta ɗaga wani wando ta duba shi a haske.

"Oga, wannan almakashi ne ya yanka, ba sarƙa ba. In magana ce da kai, abeg ka faɗa, kar ka ƙarar da kayanka."

Na faɗa. Na tura manya. Aka dawo mini da amsa cewa ya ba ni, tunda dai an nemi mutum ba a samu ba. Na yi dariya har da hawaye, ban san wannan ce tsokanarsa ta ƙarshe ba.

Ba wanda ya zaunar da mu ya karanta mana doka. Ba a ma buƙata, da ita aka haife mu. Ranar da na koma aiki bayan biki, na hango shi a bakin katafila yana duba mai, sai na ji ƙafafuna sun tuɓe takalmi da kansu. Na tsugunna a cikin baƙin man yadi.

"Baba, kun tashi lafiya?"

Ya juya ya fuskanci katangar yadi, ya amsa mata. Ya tambaye ta gajiya, ya sa mata albarka. Ni kuma na yi wa ƙasa godiya. Da rana ya ɗauki kwanonsa ya zagaya bayan kwantena, ni na ci nawa a tsaye. Duk wannan da sauƙi. Sai da aka ce a yi lodi, na hau wuyan lobed, na ɗaga hannu, sannan na gane irin ramin da muka faɗa. Ta yaya zan ƙura wa surukina ido? Ta yaya zan yafito shi da yatsa kamar mai kiran ɗan tallan gyaɗa, balle in daka masa tsawa? Na ba da hannu ina kallon bokiti. Shi kuma ya hau yana kallon rufin ɗakinsa. Allah ne kawai ya ɗora katafilar nan ranar, mu dai muna wurin.

Oga Bayerabe ne. Su ma suna da tasu girmamawar, har ƙasa suke zubewa, amma suna tashi su ci gaba da magana. Tamu ta ɗaure masa kai. Ya kira ni gefe.

"Una dey fight?"

Na ce ba faɗa, aure ne. Ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce shi bai ga bambanci ba.

Direban lobed ɗinmu mutumin Maraɗi ne, dogo, mai sanyin hali, wanda maganarsa ba ta wuce "dusma, dusma", wato a hankali. Shi ya kawo mafita, kuma kowa ya yaba da hankalinsa. Zai tsaya a ƙasa, a gefe, inda ni da Baba duk muke iya kallonsa ba tare da mun yi rashin kunya ba. Ni ina sama ina duba kaca, in ba direba hannu, direba ya ba Baba. Mun karya babbar dokar aikin, wadda ta ce mutum ɗaya tak yake ba da hannu, amma mun tsare mutunci. Lokacin dama kowa majalisa yake yi, mu ma muka kafa tamu. Saƙo ya taso daga sama, ya bi ta kwamiti, ya isa wurin mai aiwatarwa bayan katafila ta riga ta ci taku guda. Da rani abin ya tafi. Sau ɗaya kaca ta ɗan gatsi bakin gado ta ɓare katako, muka ce katakon ne ya tsufa.

Labarin katakon ya riga ni isa gida. Na tarar da matata a tsakar gida tana yankan yadi, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Shebi aikinka ke nan, ka kalle shi?"

"Baba ne fa."

"Na fi ka sanin Baba ne. In ya faɗo, kunyar ce za ta ɗage masa katafila? Ka ga, ni ban yi aure don a mai da ni marainiya ba o."

Na ce mata ita 'yar Legas ce, ba ta san yadda ake yi ba. Ta ce ta gode Allah. Ta ce in ba zan iya ba ita za ta je ta gaya masa, sai kuma ta tuna ita ma tunda ta yi wayo bai taɓa zama ya yi hira da ita ba. Sai ta gaya wa mahaifiyarta, mahaifiyarta ta gaya masa, ya ce ya ji. Ni kuma na je wurin Oga na roƙi a sauya ni, a ba Baba wani mai ba da hannu. Oga ya yarda. Washegari direba ya kawo mini saƙo daga bakin Baba: shi ba zai hau tsani a hannun kowa ba sai nawa, don bai yarda da hannun wani ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, na kuma ji haushi. Hannun da ya yarda da shi ɗin shi ne wanda ba ya iya kallo. Haka muka ci gaba da majalisarmu har damina ta sauka.

A Abule Egba abin ya faru. An kwana ana ruwa, da safe ma ana yayyafi. Ciyaman ya zo a makare, ya yi jawabi a ƙarƙashin lema, ya ce a tona sosai don jama'a su ga da gaske ake. Baba ya tona sosai, katafila ta yi wanka da jar laka har wuya. Ana watsewa Oga ya fara safa da marwa. Lokacin wayar salula ta shigo, ya sayi tasa, yana riƙe ta da hannu biyu kamar jariri, kuma duk wanda ya kira shi sai ya ce masa katafila tana hanya. Ana son ta a wata unguwa kafin la'asar.

Wurin da lobed ta samu tsayawa kusa da tashar danfo ne, ƙananan bas ɗin hayar nan na Legas. Tayoyin dama a kan kwalta, na hagu a kan jar ƙasar da aka yi ciko da ita. Na taka ƙasar da dunduniya, ta shige. A da, da na ce, "Tsoho, sauko, yau ba hawa, in kana gaggawar lahira ka bi danfo." Yanzu kuwa sai na matsa kusa da direba na rage murya.

"Ka gaya wa Baba, in ba damuwa, ƙasar nan kamar tana da laushi."

Direba ya taka a hankali ya je. "Baba, wai ƙasa da ɗan laushi kaɗan."

Baba ya dubi Oga da ke ihu a waya, ya dubi sama. "Ka ce masa Allah zai kiyaye."

Na tabbata shi ma ya ga ƙasar, ya fi ni sanin ƙasa. Amma da a gaban surukinsa zai ce yana tsoro? Ni kuma da wane baki zan maimaita magana bayan babba ya rufe ta da sunan Allah? Muka shimfiɗa katakai a ƙarƙashin tayoyin hagu, muka danna waigi, muka kankare kaca iya abin da ya kankaru, yayyafi na mayar da rabinsa. Na hau wuyan lobed. Direba ya tsaya a wurinsa. Baba ya daidaita ta, ya kama tsani.

Ta fara hawa lafiya. Hanci ya ɗaga, bokiti ya shigo saman gado yana lilo a gabana. Daidai nan wani direban danfo ya ga wata 'yar kafa tsakanin kan motarmu da kwata, ya ce tasa ce. Ƙarar gogar ƙarfe ta tashi. Mutumin Maraɗi, wanda ban taɓa ganin ya yi sauri ba, ya juya da gudu ya tafi ceton madubinsa. Kwamiti ya watse. Baba yana sama yana kallon wurin da direba yake tsaye ɗazu, ba kowa.

Ta tafin ƙafata na fara ji. Gadon ya ɗan kwanta hagu, katakan da muka shimfiɗa suna nutsewa. Kacar hagu ta fara zamewa a kan tsani, a hankali, ba ƙara, laka na fitowa ta gefenta. Tafin hannun nan da ya rage ya tafi. Na ga haƙoran kaca sun leƙo waje, ba komai a ƙarƙashinsu. Baba ya ji ta karkace, kuma na ga kafaɗarsa ta motsa. Zai juya ta ya gyara. A kan tsani. Abin da shi da bakinsa ya ce wanda ya yi ya gama yawo.

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina.

"Kai! Kai Bakanon banza! Cire hannunka daga nan! Ni za ka kalla, makaho! Nan!"

Ya kalle ni. Ta cikin gilashin da laka ta fantsama, na ga fuskarsa gaba ɗaya, baki a buɗe, ido a waje. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar nan ba sai ranar. Hannunsa ya saki ƙarfen.

"Bokiti ƙasa! Danna shi a gado! Danna!"

Bokiti ya sauko ya dasa haƙora a katakon gado, har sai da na ji a gwiwata. Katafila ta yi wata girgiza ta tsaya. Ta tsaya a karkace, amma ta tsaya.

"Yauwa. Yanzu baya. Kaɗan. Kaɗan na ce, ba kasuwar Kurmi za ka ba! Saki bokiti kaɗan. Tsaya. Ƙara."

Ya bi hannuna kamar ba a taɓa ɗaura wani aure ba. In na dunƙule ya tsaya, in na buɗe ya motsa. Idonsa bai bar nawa ba. A tsakiyar saukowar na ga leɓɓansa sun motsa, injin bai bar ni na ji ba, amma na san abin da ya ce, kuma ba albarka ba ce. Raina ya yi fari tas. Mutum na rataye tsakanin sama da ƙasa, ni kuma ina jin daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba, don abokina ya dawo. Da haka, kaɗan-kaɗan, har kaca ta taka ƙasa duka biyu.

Ya kashe injin. Nan take aka ɓarke da tafi. 'Yan okada, masu jiran danfo, mata masu gasa masara, har direban danfon da ya jawo abin. A cikin taron akwai namu 'yan Arewa, masu ruwa da masu gyaran takalmi, suna ta sannu da barka. Sai direbanmu ya dawo yana haki, riƙe da madubinsa, ya ga ya kamata ya ƙara wa labarin gishiri.

"Kuma fa surukinsa ne! 'Yarsa yake aure!"

Tafin namu ya tsaya. Wani dattijo mai ruwa ya ce, "Subhanallahi." Sai a lokacin na ji abin da na faɗa ya dawo mini kunne, kalma bayan kalma, kamar an watsa mini ruwan randa. Baba ya sauko a hankali, bai dubi kowa ba. Ya karɓi ruwa a wurin mai ruwan nan, ya yi alwala, ya shimfiɗa kwali a gefen wani shago ya yi sallah doguwa. Oga ya sa wayarsa a aljihu, ya ce a bar katafilar nan sai ƙasa ta bushe. Ciyaman ya yi jawabinsa na gaba ba katafila, kuma an ce an tafa masa haka nan.

Kafin magariba duk Agege ta ji. A ƙofar masallaci dattawa suka rabu biyu. Wasu suka ce lalura ce, rai ya fi komai. Wasu suka ce sun yarda lalura ce, amma ai "tsaya" ta isa, ina aka samo "banza", ina aka samo "makaho", in ba dama can suna cikin ciki ba? Wani malami ya ce a shari'a ba laifi, a al'ada kuma shi ba zai sa baki ba, don shi ma yana da surukai. Ba wanda ya tambaye ni, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa a wuyan lobed a cikinsu. Ban da matata ba wanda ya ba ni gaskiya kai tsaye. Ta tare ni a ƙofa tana dariya tana share ido da bakin zane.

"Bakanon banza, ehn? Babana?" Ta kama hannuna ta riƙe. "O ṣe. Na gode. Ko me za su ce, su ce."

Can sai ga kwano daga gidan Baba, dambun nama cike har baki. Na tambayi wadda ta kawo ko an ba ta saƙo. Ta ce an ce dai ta kawo.

Da rana ta buɗe ƙasa ta bushe, muka koma ɗaukar katafila. Wannan karon komai bisa ƙa'ida. Lobed a kan kwalta duka, waigi a kowace taya, kaca a wanke kamar za a kai ta biki. Oga da kansa ya tare danfo. Ni kuwa na zo da shirina. Na yanke cewa majalisa ta rushe, na gaya wa direba ya zauna a motarsa. Tunda an riga an yi, an yi. A ƙasa Baba ne, zan tuɓe takalmi in tsugunna har ƙarshen rayuwata, amma a kan tsani zan kalle shi, shi ma ya kalle ni. Har na tanadi abin da zan ce in ya karkace, mai ɗan sauƙi, wanda dattawan masallaci za su iya haɗiyewa.

Ya shiga, ya tada injin, ya kawo ta bakin tsani, ya daidaita ta tsaf. Na ɗaga hannu, na ɗago kai, na dube shi sosai.

Kansa na ƙasa. Yana kallon ƙarafan da ke gabansa kamar yau ya fara ganinsu. Na jira. Hannuna na sama, injin na ruri, mutane sun fara taruwa. Na ga ya yunƙura zai ɗago, haɓarsa ta taso kaɗan, ta koma. Ya sake gwadawa. Ban sani ba ko zagin ne, ko taron da ya ji, ko kuwa don na ga fuskarsa a yadda ba ya son mijin 'yarsa ya gani. Doka dai ya fi ni saninta, in ba ka ganin mai ba ka hannu, ka tsaya. Ya tsaya ɗin. Ya kashe injin, ya sauko, ya je tagar direba.

"Gaya wa Oga ya samo wani ya hau da ita."

Ya bi ta gefen lobed zai wuce. Daidai ƙarƙashin inda nake ya ɗan dakata, ya ce wa tayar mota, "Allah ya yi maka albarka." Ya tafi ya hau danfo.

Bai sake hawa tsani ba. Oga ya riƙe shi na ɗan lokaci yana haƙa kawai, wani na yi masa lodi, amma a zamanin da aikin katafila ya koma hawa da sauka, ofaretan da ba ya hawa ba shi da wurin zama. Aka sallame shi da mutunci, da jawabi. Ya kafa teburin goro a ƙofar gidansa. Ni na ci gaba da ba da hannu ga mutane iri-iri, ina yi musu tsawa yadda nake so, ba wanda ya taɓa ramawa da abin da zai ba ni dariya.

Ya yi shekaru masu yawa bayan haka, cikin lafiya, ya ga jikokinsa. Kowace Juma'a nakan je gaishe shi. In tuɓe takalmi, in tsugunna, ya fuskanci bango ya yi ta sa mini albarka, doguwa, har ƙafata ta yi sanyi. Duk Agege ana misali da mu, ana cewa ga surukai masu kunya. Ina tsugunne, tsakanina da shi bai fi kamu ɗaya ba, ina kewarsa kamar wanda ya yi tafiya. Na san ƙafafunsa sarai, na san farcen da ya fashe da inda kaushi ya tsage. Fuskarsa kuwa, ganin ƙarshe da na yi mata sosai shi ne ta cikin gilashin nan mai laka a Abule Egba, yana cikin tsoro, ina zaginsa.